Shirun da Ke Ƙarshen Kaset

Babana rake yake kaiwa Ikko. Da an fara sara a fadamar wajenmu, can gefen Dandamisa, sai ya bi mota, ba ma sake ganinsa sai damina ta kusa. Bai yi boko ba, saboda haka saƙonsa a kaset yake zuwa, a hannun direba. Yawancinsu daga baya an naɗi wa'azi a kansu. Guda ɗaya ya rage, na shekarar da motarsu ta faɗi a hanyar dawowa, ya rasu. Ina da shekara huɗu.

Inna ta naɗe shi a tsohon ɗankwali, ta sa a ƙasan akwatinta. Takan fito da shi sa'in da ta ɗauka duk mun fita, ni kuwa ina laɓe a bayan ƙyaure. Littattafan soyayya na haya su suka raine ni, don haka ina jiran in ji ya ce mata hasken idanunsa. Bai taɓa faɗa ba. Gaisuwa ce mai tsawo, sai cigiyar akuya, sai a gyara inda ɗaki ke yoyo, sai a hana 'yar nan cin ƙasa. Daga nan ya ce, "To, shi ke nan." Amma bai kashe ba. Kaset ya ci gaba da juyawa, ana jin hon ɗin motoci daga nesa, ana jin numfashinsa, ya daɗe a haka kafin ya danna. Ni a lokacin na ɗauka mantuwa ya yi.

Na girma, na zama malamar firamare a Makarfi. Wata rana abokiyar aikina, Kirista 'yar kudancin Kaduna, ta ce wasu baƙi na neman mai yi musu jagora. Mace ce 'yar Sudan mai aikin haske da hoton bidiyo, da wani ɗan Mali mai haɗa sauti. Suna bin ƙasashe suna tara wasiƙun kaset na 'yan ci-rani, za su haɗa su wuri guda a nuna wa duniya. Ita Larabci da Turanci, shi Faransanci da guntuwar Hausar da ya tsinta a Yamai, ni Hausa da Turancin aji. Haka muke harhaɗa zance, muna dariyar juna.

Kwana biyar na yi ina yawo da su. In ɗan Malin ya sa abin sauraro a kunne ya lumshe ido, sai in ga kamar daga shafin littafi ya fito. Har na zaɓa mana launin labule a zuciyata. Da na ba su labarin kaset ɗin Babana, 'yar Sudan ɗin ta dafa ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Ta ce nata uban daga Jidda yake aiko irinsa. Ba na jin ƙarya ta yi, har yau.

Na je wa Inna da maganar tana tankaɗe.

"Su ji me? Maganar akuya?"

"Inna, a ƙasashen waje za a ji muryarsa."

"Shi da ko a zaure ba ya ɗaga murya." Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Aro ne?"

"Aro ne. Kwafa kawai za su yi."

Ta kwance makulli daga bakin zaninta ta miƙo mini. "Kafin Juma'a."

Da na kai musu, suka ba ni takarda mai shafi uku da Turanci, in sa hannu. Abokiyar aikina ta zungure ni.

"Amaryar littafi, karanta mana. Ke da kike cinye littafi guda kafin a tashi tara."

Ban karanta ba. A gidanmu, baƙo ya miƙo maka abu ka tsaya juya shi a gabansa, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Ga shi kuma ɗan Malin yana kallona yana murmushi. Na sa hannu mai kyau, har da lanƙwasa.

Suka ce na'urar kwafar tana birni, za su aiko da shi. Juma'a ta wuce. Aka sare rake, aka yi mazarƙwaila, aka yi ruwan shuka. Inna ba ta tambaya da baki. In na shigo gida sai ta dubi hannuna, sannan ta amsa sallama.

Wata na bakwai saƙo ya shigo wayata, bidiyo da sauti. Wani ƙaton ɗaki ne fari. Sun farke kaset-kaset ɗin duka, na Mali da na Nijar da na Sudan da namu, sun zare zaren sun rataye daga sama har ƙasa kamar labule, haske na ratsawa, muryoyi na tashi ta kowace kusurwa. Mutane na bi ta ciki suna shafawa. Abin da ya fi ci mini rai, yana da kyau. Na rubuta wa 'yar Sudan ɗin cewa aro ne. Ta amso da taushin murya, ta ce izinin yana shafi na biyu na takardar da na sa wa hannu, ta ce ai muryar ba ta ɓata ba, ga ta nan sun tsabtace mana ita, ta fi ta da fita.

Na kai wa Inna wayar. Ta kalli labulen, ta matso da fuskarta.

"Wanne ne nawa?"

Ban sani ba. Na kunna mata sautin. Muryar Baba ta fito tas, ba ƙara, kamar mai karanta labarai. Akuya, yoyo, cin ƙasa. "To, shi ke nan." Sai ɗif.

Inna ta jira. Ta ci gaba da jira, kanta a sunkuye.

"Ina sauran?"

"Iyakarsa ke nan, Inna. Ai bai ƙara cewa komai ba."

"Na san bai ce komai ba. Zama ya yi." Ta miƙo mini wayar. "Wurin nan ne yake zama da ni."

Na sake rubuta musu. Ɗan Malin ne ya amsa, karo na farko da na ƙarshe da ya taɓa aiko mini saƙo. Ya ce wurin fanko ne, ya yanke, kwafin farko kuma bai ajiye ba. Ya ba da haƙuri da Hausarsa ta Yamai.

Inna ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Ɗankwalin yana nan a ninke a ƙasan akwati, an ce mini. Ban gani da idona ba, domin tun ranar, in tana son a ɗauko mata wani abu a ciki, matar ƙanena take kira ta ba makullin, ko da ina zaune kusa da ita.