Tocilar Virgil Haskins

Shekara talatin da takwas Virgil Haskins ya yi yana tuƙa motar ɗaukar yaran makaranta a garinmu, amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi da cewa bai taɓa sayen harsashi a kanti ba. Ranar Asabar in an tashi daga filin harbi, sai ka hango shi duƙe yana tsintar kwanson harsashi kamar kaza ta samu tsaba. Ya kai gareji, ya wanke, ya sake ɗurawa da wani tsohon inji mai cin kwanso ɗai-ɗai. Kowane kwanso kuwa sai ya haska shi da tocila, ya ga albarushin da idonsa, kafin ya rufe da dalma.

Ba tsurfa ce kawai ba. Amininsa Burl ya taɓa zuba albarushi sau biyu a kwanso guda, bindigar ta fashe masa a hannu. Yanzu da yatsa uku yake gaisawa. Kuma ba Virgil kaɗai ke harba abin da ya ɗura ba, har da 'yarsa Jolene.

Sai kafaɗar Virgil ta ce ta gaji. Jan hannun inji sau huɗu don harsashi ɗaya ya gagare shi. Jolene ta ce, "Baba, ko ka sayi injin nan mai juyawa, ja ɗaya harsashi ɗaya, ko in koma sayen na kanti."

Maganar kantin nan ta fi kafaɗar yi masa ciwo.

Burl ne ya raka shi kasuwar bindigogi. Kuɗin fansho ba ya kai mutum teburin manya, don haka wajen masu araha suka tsaya. Mai sayarwa ya dafa wani jan inji, ya ce, "Dattijo, wannan harsashi ɗari biyar yake zubarwa a awa guda!"

"Ina za ni da ɗari biyar? Yaƙi aka ce maka zan tafi?"

"Rabu da shi," in ji Burl. "Wannan tsohon ko ƙwai zai soya sai ya haska shi."

"Kai da ba ka haska ba, ƙirga mana yatsunka mu ji."

Virgil bai tambayi sauri ba. Tocila ya zaro daga aljihu, ya bi injinan ɗaya bayan ɗaya, yana saka kwanso, yana leƙawa. Jan nan ƙarfe ya tare wurin, ba a ganin komai. Na biyu ma haka. Can ƙarshen tebur akwai wani mummuna, fentinsa duk ya kankare, amma gabansa a buɗe yake, haske na shiga har gindin kwanso. Ya daɗe yana kallo. Shi ya ɗauka.

Yanzu injin na nan a gareji, an ɗaure masa tocila da tef. Abin da aka ƙera don ɗaruruwa, tamanin yake yi a awa a hannun Virgil: ya ja, ya leƙa, ya ja, ya leƙa. Burl ya ce an sayi dokin sukuwa an ɗora masa itace.

Asabar ɗin da ta wuce Jolene ta cika bindigarta daga kwalin uban, ko duba harsashin ba ta yi ba. Virgil yana tsaye a bayanta, hannu a aljihu, har ta gama. Sannan ya duƙa tsintar kwanso.