Burodin Ayaba a Dumega

Mun tashi da asuba daga Dogon Dutsi, ni da taubashina, ɗan goggota, wanda ya zo hutu daga ƙasar Faransa. Aikinsa can lissafin hanyar taurarin ɗan Adam ne, waɗannan ƙarafan da Nasara suka soma harbawa sama suna zagaya duniya. Shi ke auna inda za su bi da lokacin da za su faɗo. An ba shi aiki na dindindin, amma ya ce ba zai karɓa ba sai da yardar mahaifiyarsa, wadda ke Dumega.

Kamiyo, babbar motar 'yan kasuwa, muka shiga, muka zauna kan buhunan gero. Mutumin da ya san hanyar sama, tun kafin Kiyeshe ya soma tambayata ko mun kusa. Can muka sha fura mai arha da daɗi, sannan muka bi ta kwarin dallol, yashi yana kama tayoyi, maza suna sauka turi. Shi kuwa yana rungume da kwandon ayaba da ya saya da tsada wurin fataken Dahome. Da muka isa Tibiri duk ta yi baƙi. Na yi masa jaje, ya ce haka ma yake son ta.

Da la'asar muka isa Dumega. Mata suka yi guɗa, dangi suka cika gida. Goggo kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ta yi wa maraba, ni ta tambaya lafiyar hanya, shi ya durƙusa yana gaisuwa ta amsa wa bango. Ɗan fari ne, kuma uwa a wajenmu ba ta kiran sunan ɗan fari, balle hira da shi. Ya san haka sarai, amma zaman waje ya sa ya manta nauyin abin. Na ga fuskarsa ta canza, ya ɗauka fushi take yi. Sai na ji tausayinsa, har na rage tsokana.

Washegari ya ce zai yi mata burodin ayaba, wanda tsohuwar da ta ba shi haya can ta koya masa. Namiji a madafi! Mata suka yi ta dariya suna leƙe. Ya dama ayabar da garin alkama da ƙwan zabi da man shanu, ya zuba nono da ɗan ruwan kanwa don ya tashi. Da yake babu tanda, sai ya sa a tukunyar ƙarfe, garwashi sama da ƙasa. Gindin ya ƙone, amma cikin ya yi taushi, ƙamshi har maƙwabta. Ya aika wa Goggo nata a ƙwarya. Ta karɓa ta shige ɗakinta.

Bayan magariba ya tara mutane a ƙofar gida, ya nuna yamma, ya ce a zuba ido. Can sai ga wani tauraro yana tafiya a hankali, ya ratsa sama ya ɓace gabas. Wani dattijo ya ce aljana doguwa ce, wani ya yi salati. Taubashina dai cikin gida yake ta waiwaye, bai ga kowa ba.

Da safe muna haɗa kaya, ya riga ya ce mini zai rubuta Faransa ya ƙi aikin. Goggo ta kira ni bakin ɗakinta, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Hwaɗa ma abokin tahiyakka, abin nan nai ya cika zaƙi, amma na canye. Shi tahi wurin aikinai, Allah shi yi albarka. Amma shi gwada maka inda tauraron ga ka hitowa. Jiya ta katanga nig gane shi, ban gani da kyau ba."

Ya sunkuyar da kai, hawaye suna zuba, ni ma ban tsira ba.

Mun dawo Dogon Dutsi lafiya, a bayan wata kamiyo mai ɗauke da gyaɗa. Na daɗe da sanin kunyar ɗan fari, amma sai a tafiyar nan na gane uwa tana iya bin ɗanta da ido har sama, bakinta a rufe.