Ƙafafun Dattijuwa

Duk wanda ya taɓa ajiye mota a bakin masallacinmu na Taman Melati, nan Kuala Lumpur, ya san Malam Hamisu ba ya fara gaida mutum. Tayar mutum yake fara gaidawa. Ka fito da fara'arka ka miƙa masa hannu, sai ya wuce ka kamar bai gan ka ba, ya tattare riga ya durƙusa gaban motarka. Ya danna taya da babban yatsa, ya kai fuska kusa yana karanta 'yan lambobin da ke jikinta. Sai ya gama tsaf sannan ya ɗago.

"Salamu alaikum. Tayar nan taka ta girmi aurenka."

"Haba Malam, ko gaisawa ba mu yi ba!"

"Ai don mu ci gaba da gaisawar nake faɗa maka. Mota ƙafa ce."

Wannan magana ta "mota ƙafa ce" mun sha ta har mun ƙoshi. Malamin kwalejin ilimi ne daga gida, gwamnati ta turo shi digiri na uku, ya zo da matarsa Maman Ummi da yaransu. Ni kuwa, Nura, na zo digiri na biyu ban san kowa ba, shi ya nemo min ɗaki a benensu, matarsa ta riƙe ni kamar ƙani. Allah ya yi ni da jiki, kun sani, kuma wannan jikin shi ya sa na shiga labarin nan dumu-dumu.

Motarsa kuwa kun san ta. 'Yar mitsitsiya ce, tsohuwar yayi, otomatik, launin madara. Wurin wani tsohon Bamalaye ya saye ta, kuma ta girmi wasu daga cikin ɗaliban da ke mata dariya. Mu muna ce mata akwatin ashana, shi yana ce mata Dattijuwa. Idan ka jingina da ita sai ya ce ka tashi, ba sa'arka ba ce. Ko'ina a jikinta tsaf yake, ban da ƙafafun. Rim ɗinta, wato garen da ake ɗaura taya a kai, na ƙarfe ne, tsatsa ta cinye su, ɗaya ma ya ɗan lanƙwashe, sitiyari na rawa idan an ɗan taka wuta.

Ga kuma abin da dukanmu muka sani, ko da yake ba mu cika faɗa a gabansa ba: ciwon suga ya fara taɓa masa ido. Likita ya gaya masa kwanakin tuƙinsa ƙirgaggu ne. Ga yara 'yan makaranta, ga asibiti, ga cefane. Dole Maman Ummi ta karɓi mota. Ta je makarantar koyon tuƙi, ta samu lasisinta na otomatik, ta kawo ta ajiye a cikin durowa. Tsoron baburan Kuala Lumpur take yi, masu fitowa ta hagu da dama kamar an watso su. Wata rana ina falonsu ina cin tuwo, Malam ya sake taso da maganar.

"Baban Ummi, ni fa ba zan hau titi da waɗannan ƙafafun masu tsatsa ba," in ji ta. "Ranar da ka sa mata sababbi, irin masu ƙyallin nan, ranar zan tuƙa."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi. Ga Nura shaida."

Ta juya ta shiga kicin tana murmushi, don ta san mijinta. Mutumin da ya yi wata guda yana zaɓen laima, yaushe zai gama zaɓen rim?

Haka muka fara zirga-zirga zuwa Cheras, shagon taya da rim na wani dattijon Basine da kowa ke ce wa Ankul. Ranar farko har da maƙwabcinmu Dakta Bashir, da Sadiq, yaron nan ɗan digirin farko mai son a gan shi. Yana shiga ya nuna wasu manya-manya, inci goma sha biyar, suna walƙiya kamar tiren amarya.

"Malam, wallahi waɗannan! Put am make e shine. Maman Ummi tana gani za ta karɓi key."

Ankul ya ce, "Can, can, boleh," wato zai yiwu, ya sa aka ɗaura. Dattijuwa ta fito kamar yaron da ya saka takalmin babansa. Ankul ya zagaya da ita shi kaɗai ya dawo, ya ce lafiya lau. Malam ya girgiza kai, ya buɗe ƙofar baya.

"Nura, shiga. Sadiq, shiga. Kai ma Dakta Bashir, shiga. Ankul, ara min yaron shagonka ɗaya, mai ɗan nauyi."

"Aiyo boss, what for? This car four person only lah!"

"A garinku ke nan," in ji Malam. Sannan ya tsaya ya yi masa bayani da Turanci, a tsanake kamar yana aji. Ya ce mu a wurinmu ba ka wuce wanda ka sani a hanya. Ka fito daga Juma'a ka ga ɗan'uwa tsaye a rana, ba ka ce masa mota ta cika, sai dai a matsa. Ga buhun shinkafa a but, ga kular abinci a cinya. Duk ƙafar da ba a gwada ta da mutane ba, ba a gwada ta ba.

Muka cusu. Tudun rage gudu na farko da muka hau, sai muka ji ƙurrr! Taya ta goge ƙarfen da ke samanta, warin roba ya cika motar. Muka kama 'yar hawan da ke bayan shagon, Dattijuwa ta hau nishi, ta sauko giya da kanta, ta sake nishi. Wata tsohuwa a kan keke ta wuce mu, har ta waiwayo ta dube mu da tausayi.

Malam ya dubi Sadiq ta madubi. "To ɗan gaye, ya ka ga shine ɗin?"

"Malam, ai Nura ne matsalar."

"Nura ba matsala ba ne. Nura ma'auni ne."

Shi ke nan fa, na samu muƙami. Daga ranar duk Asabar sai ya ƙwanƙwasa min ƙofa, da sikelin banɗaki a hammatarsa. Kowane rim sai ya ɗora shi a sikeli, don ya ce mai nauyi zai wahalar da injin, ya kuma wahalar da hannun Maman Ummi, tun da sitiyarin Dattijuwa na da ne, da ƙarfin damtse ake murza shi. In ya gama auna rim, sai ya ce in hau ni ma. A gaban jama'a fa! Ankul har ya saba, yana ganinmu sai ya jawo min kujera yana cewa, "Ah, the weight also come."

Bayan azumi na ɗan faɗa, har ina murna wandunana sun fara shiga. Na hau sikeli, Malam ya sunkuya ya duba, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Ransa ya ɓaci sosai.

"Nura, me na yi maka?"

"Ni Malam? Wallahi ba komai."

"Ka je ka rame ba shawara? Duk gwajin da muka yi a baya ka ɓata shi ke nan!"

Ya ja ni har shagon mamak, gidan abincin nan na Indiyawa Musulmi, ya yi min odar shinkafa da kaza, ya ƙara da roti biyu da shayi mai kauri. Ku da kuka san Malam Hamisu kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da yake shanya ganyen shayi a taga ya sake dafawa gobe! Na ce masa na gode, har na ɗan ji kunya.

"Ci kawai," in ji shi. "Ba don kai ba ne. Kuma ka ce su yi maka tapau, su ƙunsa maka na dare."

Amma duk tsumulmularsa, a kan taya ba ya wasa. Rim ya yarda ya sayi na hannu in dai lafiyayye ne. Taya kuwa sai sabuwa fil. Wani ya taɓa kawo masa shawarar masu sauƙi da aka ɗan yi amfani da su, Malam ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi ko yana sayen buroshin haƙori na hannu. Kuma ba ya gwada taya sai cikin ruwa. Mu zauna a shagon Ankul tun hantsi, ana ta rana, shi yana leƙen sama. La'asar na yi hadari ya haɗo, kowa na neman wurin fakewa, shi kuma ya miƙe yana tafa hannu. "Alhamdu lillahi, ya zo! Ku shiga!" Ankul ya taɓa ja na gefe ya tambaye ni, tsakani da Allah, ko duk 'yan ƙasarmu haka suke. Na ce masa a'a, wannan ɗaya ne, kuma ba mu da safayarsa.

Muna ta dariya, watanni suna ta tafiya, ido kuma bai tsaya jiran kowa ba. Wata safiya ya kai yara makaranta, ya goge wani ƙarfe a bakin ƙofa. Ƙarfen da ya saba wucewa kullum, bai gan shi ba sam. Ba wanda ya ji ciwo. Ya dawo gida ya rataye makulli, daga ranar bai sake tuƙi ba. Ya koma kai yara da ƙafa da jirgin ƙasa na LRT, yana riƙe da hannun ƙaramarsu, ba ka sanin wa ke jan wani.

Maman Ummi ta daina murmushin nan. A gabana ta ce masa, "Baban Ummi, na janye maganata. Ba ni makullin, zan tuƙa ta haka nan da tsatsar."

Na ɗauka zai yi murna. Ina! Ya ce, "A'a. Ba zan ɗora ki da 'ya'yana a kan ƙafar da ban yarda da ita ba. Ki ba ni Asabar ɗaya."

Raina ya ɓaci ranar, ban ɓoye ba. A hanyar Cheras na ce masa taurin kan nan ya isa haka. Ni na tuƙa, karo na farko da ya bar ɗayanmu ya taɓa sitiyarin, yana gefe yana gyara min zama kamar ina koyo.

Ankul ya ajiye masa wasu rim a bayan shago, inci goma sha uku, tsofaffin aloyi marasa nauyi, ba ƙyalli ba ado. Sadiq ya ce sun yi kama da murfin tukunya. Malam ya zauna a ƙasa ya jawo su ɗaya bayan ɗaya. Bai ko kai fuska kusa ba, don ya san ba amfani. Da yatsu ya bi kowane lungu yana neman tsaga. Ya rataye kowanne ya ɗan ƙwanƙwasa da sifana, ya kasa kunne har ƙarar ta mutu. Shagon ya yi tsit, har Ankul ya kashe rediyo.

"Ɗaura," in ji Malam.

Washegari da safe muka tafi bakin tafkin Titiwangsa. Maman Ummi ta zauna a mazaunin direba, ta gyara hijabi, ta damƙe sitiyari da hannu biyu tana karanto duk addu'ar da ta sani, ina jin har da ta shiga kasuwa. Malam na gefenta. Ni da Sadiq da Dakta Bashir muna baya, an matse mu a bakin aikinmu. Ta tashi motar, muka fara tafiya a hankali. Wani mai motsa jiki ya wuce mu da gudun sassarfa, Sadiq ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Babur ya fito ta gefe, ta yi salati da ƙarfi, amma ba ta saki sitiyarin ba.

Sai ga tudun rage gudu. Duk muka ɗauke numfashi. Dattijuwa ta hau, ta sauka. Malam ya rufe ido, ya karkata kai wajen taga.

"Kin ji?"

"Ban ji komai ba, Baban Ummi."

"To madalla. Shi na yi ta nema." Ya jingina da kujera. "Ƙara wuta kaɗan, Hajiya. Ai kin iya."

Ta ƙara. Muka zagaya tafkin, muka sake zagayawa, a na uku da kanta ta sa sigina ta fita babban titi, ba wanda ya ce mata ta fita. Na dubi Malam ta gefe, hawaye na bin kumatunsa, yana ta faɗan wai iskar taga ce.

Ita ta riƙa kai shi asibiti bayan nan, da ciwon ya sauka a ƙoda. Ta ce har ƙarshe bai daina ba ta umarni ba, ya ce ta sha kwana a inda babu kwana, ita kuma ta ce to ta ci gaba da tafiyarta. Ita ta kai shi tafiyarsa ta ƙarshe zuwa asibitin, cikin ruwan sama. A nan muka binne shi, bai kai ga kare digirin ba. Da ta gama takaba ta koma gida da yaran, kuma kwanan baya ta kira ni tana bakin makarantarsu, ta ce in yi haƙuri ta kashe waya, an buɗe ƙofa, za ta shiga da mota.

Na yi kewarsa, wallahi na yi. Allah ka jiƙan Malam Hamisu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa da hasken da ya rasa a duniya. Ka raya abin da ya bari, ka tsare Maman Ummi a duk hanyar da ta hau, ka kai ta ka dawo da ita lafiya. Amin.