Zogalen da Baba Malam Ya Dasa

Jiya na ja fatar idon ɗiyata Hadiza ƙasa, na ga cikin ya yi fari fat. Sai da na saki na tuna a hannun wanda na koyi hakan.

Baba Malam, wan mahaifina, ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken sinadaran abinci waɗanda jiki ke buƙata ɗan kaɗan. In ya zo garinmu Daudawa, kafin ya gama amsa gaisuwa ya fara duba idanun yara. Hannunsa kullum ƙamshin sabulu, aljihunsa na ƙarar 'yan kwalaben da yake ɗibar ƙasar gona.

Wata rana ya iske ina ba Hadiza shayi tana cin tuwo. Ya janye kofin a hankali, ya ce, "Ɗiyata, shayi na hana jiki cin moriyar abin da ke ƙara jini. Abin bai kai ƙwayar gero ba, amma rashinsa na kada ƙato." Da la'asar ya kai ni gonarmu ta hanyar Sabuwa, ya kakkafa sandunan zogale da hannunsa, babbar rigarsa duk jar ƙasa. Ya ce ganyen zogale na ƙara jini.

Shekara biyu ke nan muna maƙale a Faskari, ɗaki ɗaya, tunda 'yan bindiga suka tare hanyar garinmu. An ce zogalen ya fi soro tsawo, babu mai tsinka. Na san ciwon, na san inda maganin yake, ba halin zuwa.

Allah ya jiƙan Baba Malam, ya haskaka makwancinsa. Mu kuma ya buɗe mana hanyar nan kafin idon Hadiza ya ƙara fari.