Maƙalar Da Ba Ta Da Shafin Farko

Edita, ina yi maku sallama tare da masu karatu. Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru ni mace ce da ta ba arba'in baya, haifaffiyar Ƙofa ta ƙasar Kusada. Aure ya kawo ni Kankiya, inda nake tuyar ƙuli-ƙuli ina sayar da man gyaɗa. Ban taɓa riƙe fensir ba sai da na aurar da ɗiyata ta fari. Daga ajin yaƙi da jahilci na fara, na zauna jarrabawar sakandare tare da sa'o'in 'ya'yana, daga nan na samu gurbin diflomar shari'a ta ƙarshen mako a wata kwaleji a Katsina. Duk wanda ya san ni ya san bakina. Ba na ɓoye magana, kuma in na kafe a kan abu ba mai ture ni. Ina alfahari da wannan hali, har ranar da ya kusa ɓata sunan mutumin da ya fi kowa yi mani alheri.

Mutumin nan shi ne malaminmu na darasin gado. Hajiya yake ce mani, duk da na sha faɗa mashi ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba, shi kuwa ya ce ai fata yake yi mani. In yaran aji suka yi dariyar Turancina, sai ya ce masu duk wanda ya iya raba gonar mamaci tsakanin magada da ka kamar yadda nake yi, to ya ci gaba da dariya. Bayan an tashi yakan tsaya ya maimaita mani darasi da Hausa. Saboda shi na zaɓi in rubuta kundina na kammala karatu a kan gadon gona ga mata, don na ga yadda ake yi wa mata a ƙauyukanmu.

To akwai wani shagon fotokwafi kusa da ƙofar makarantar, inda malamai ke ajiye abin da suke so mu karanta. Mai shagon yana da al'adar rubuta sunan malami da manyan baƙaƙe a saman kowace takarda, don kada na wannan aji ya gauraya da na wancan. Hannunsa yana da kyau, kuma da an yi ta kwafa daga kwafi, rubutun sai ya koma kamar bugun inji. A cikin takardun Malam akwai wata maƙala a kan gadon mata wadda ta shiga raina ƙwarai. Shafinta na farko ya daɗe da yagewa, amma ni ban ma san akwai wani shafi da ya ɓace ba. Na ga sunan Malam a sama, na ce tasa ce. Na ɗauko maganganu daga cikinta na zuba a kundina, a manazarta kuma, wato jerin ayyukan da na dogara da su, na rubuta sunansa cikin jin daɗi, ina ganin na rama alheri. Mai duba aikina wani malami ne daban da ɗalibai suka yi wa yawa, bai lura ba ya sa hannu.

Ranar kare kundi Malam ba ya ɗakin. Baƙon farfesan da aka gayyato ya buɗe shafin manazarta, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni cikin ladabi, Baba ma ya kira ni, ko wa ya rubuta wannan maƙala. Na ce Malam. Ya ce in sake tunani, don shi ya san maƙalar, ya karanta ta tun yana ɗalibi, kuma ba wannan ne marubucinta ba. Nan fa raina ya ɓaci. Na ɗauka raini ne irin na manyan jami'a ga malamin kwaleji. Na miƙe tsaye na ce mashi ni ba yarinya ba ce, da idona na ga sunan Malam a kai, a ajinsa aka ba mu, duk ɗalibansa sun san tasa ce, har na rantse. Na ga shugaban sashe ya sunkuyar da kai, na ɗauka kunya ce ta kama shi don na fi baƙon gaskiya.

Sai a mota, muna hanyar Kankiya, wata 'yar ajinmu ta tambaye ni ko na san abin da na yi. Ta ce na ba da shaida a gaban kwamiti, da rantsuwa, cewa Malam yana raba wa ɗalibai aikin wani da sunansa, kuma a wurin masu ilimi wannan sata ce da kan kori mutum daga aiki. Ga shi a shekarar ake duba takardunsa na ƙarin girma. Wallahi sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi.

Aka riƙe sakamakona, aka kafa kwamitin bincike a kan Malam. Na je na ce masu ni ce na yi kuskure, suka ce matar da ta rantse jiya ba za ta warware da baki yau ba. Suka ce in kawo takardar da na yi amfani da ita, in kuma kawo asalin maƙalar daga mujallar da ta fito. Ni kuwa ban san sunan mujallar ba, ban san shekara ba, ban san marubuci ba, baƙon kuma ya tafi. Malam kuwa an hana ni tuntuɓarsa saboda binciken. Laburaren makarantarmu babu ita. A wani shagon kwamfuta a Kankiya muka rubuta jimlolinta a intanet, ba abin da ya fito, ashe tsohuwa ce ba a taɓa ɗora ta ba. Maigidana ya ce in haƙura da takardar shaidar diflomar, na ce mashi ba takardata nake nema ba yanzu, sunan bawan Allah nake nema.

Daga ƙarshe na shiga motar Kano, na roƙa aka bar ni na shiga laburaren shari'a na wata jami'a. Wata ma'aikaciya ta karɓi takardar tana juyawa, sai ta ɗora yatsa a ƙasan wani shafi, kan wasu ƙananan lambobi da haruffa da suka kusa gogewa. Na ce mata ai wannan shaidar inji ce. Ta yi dariya ta ce Hajiya, wannan shi ne adireshin gidan maƙalar. Ta nuna mani shekara, da lambar kundi, da haruffan da ke taƙaita sunan mujallar, da lambar shafi. Muka bi kanta-kanta har muka ciro kundin mujallar, na buɗe da hannuna. Ga shafin farko nan. Marubuciyar mace ce. Ina rubutu a kan haƙƙin da ake danne wa mata, ashe ni ma na ƙwace wa wata mace guminta na ba namiji.

Na kwafi bango da shafin farko, na dawo na tsaya wa mai shagon nan a ka sai da ya bi ni gaban kwamiti, ya ce hannunsa ne, haka yake yi wa takardun kowane malami. Aka wanke Malam. Amma kafin nan zaman ƙarin girma ya wuce, sai da ya jira wata shekara, ni ma na maimaita tawa. Na je gidansa na nemi gafara. Ya ce shi ma da laifinsa, da ya ajiye takarda ba kai. Sannan ya ce tunda na sha wahalar nemanta, in faɗa mashi adireshin maƙalar da ka. Na faɗa tiryan-tiryan, ya ce to yanzu Hajiya ta zama ɗalibar shari'a.

Abin da na koya shi ne, rubuta sunan mutum a manazarta shaida ce kamar ta gaban alƙali, kuma ba a shaidar abin da ba a gani ba. 'Yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muka shigo karatu da furfura muna jin kunyar tambaya, kada ku jingina magana ga kowa sai kun ga shafin farko da idonku, kun rubuta marubuci da shekara da kundi da shafi. In ba ku gane wasu lambobi ba ku tambaya. Ni na rantse da zuciya ɗaya, don ƙauna, amma Malam ne ya yi shekara yana biyan rantsuwata.