Yaya, Wadda Ta Hana a Nome Ciyawar Gonar Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuni, Allah ya karɓi ran yayata, malamar kimiyyar ƙasa a kwalejin aikin gona, bayan jinyar da ta ɗauka da haƙuri. Yaya, kin sha cewa alƙalamina ya fi bakina hankali, to da shi zan yi miki bankwana.

Ban taɓa ganin wanda ƙasa ta shiga ransa kamar ke ba. Ofishinki babu wurin zaman baƙo, kwalaben ƙasa sun cinye kujerun: ja, baƙa, fara, mai tsakuwa. In muna tafiya a mota kika hango inda aka yanke tudu don hanya, sai an tsaya. Ki fita da kayan adonki, ki riƙa nuna mana yadda ƙasa take hawa-hawa, baƙar sama mai rai, jar ƙasan da ba ta ciyar da komai. Mun sha makara a taron dangi saboda ke. Maƙwabta kuwa, duk wadda shukarta ta yi yaushi a tukunya, wurinki take kawowa. Ki damƙi ƙasar a hannu ki ce yashi ya yi yawa, ruwa ba ya zama, ko yumɓu ya shaƙe saiwar. Ki canza mata ƙasa daga lambunki, ki haɗa ta da faɗan da bai wuce fatar baki ba.

Amma gonar Baba ce ta nuna mini ko ke wace ce. Bayan rasuwarsa ruwa ya wanke ƙasar saman, aka bar marmara mai tauri, sai tumfafiya jefi-jefi. Babban wanmu, wanda muke kira Manaja don son tsara kowa, ya ce a sayar wa masu buga bulo. Yana da hujja, gonar ba ta ba da komai. Ni dai zuciyata ta ƙi, don a bakin gonar nan Baba ya koya mana riƙon fartanya. Ke ce kika ce, "Yaya Manaja, ku bar mini ita, ku kawar da kai."

Muka zaci za ki kawo takin zamani da iri mai kyau. Ashe 'yan ramuka za ki sa a haƙa, a zuba kara da ganye da kashin dabbobi, a kewaye wurin, sannan ki kafa doka: duk ciyawar da ta fito, kada wanda ya taɓa ta. Dariyar da aka yi mana ba kaɗan ba ce, wai malamar kwaleji ta koma noman ciyawa. Ba ki damu ba. Kika ce mini tsirrai bi da bi suke zuwa. Ƙananan ciyayi masu jure wuya su fara, saiwarsu ta tsaga marmara, su mutu su ruɓe, gara ta ja su ciki. A kan wannan ne gamba za ta samu wurin tsayawa, bayanta 'yan itatuwa. In aka share na farko, na biyun ba zai zo ba.

Duk zaman dangi sai Manaja ya ta da maganar sayar da gonar. Bana ya ce wannan daminar ce ta ƙarshe, ga ki kuma kwance a asibiti. Na ji tsoro, Yaya, na ɗauka za mu rasa ku tare, ke da gonar.

Ana saura 'yan kwanaki ki bar mu, kika aike mu ni da Manaja, kika ce a yanko miki ƙasar gonar dunƙule guda, kada a farfasa. Shi ya riƙe shebur, ya taka da ƙarfi don ya san taurin wurin, sai shebur ɗin ya nutse har ya kusa kifawa. Baƙar ƙasa ce, mai laima, saiwoyi sun saƙe ta. A gindin gamba ga 'yan bagaruwa sun tsiro, ba wanda ya shuka su. Manaja ya yanko ƙasar dunƙule guda. Da kansa ya ɗauko ta a roba, ya yi ta lallashin ma'aikaciyar jinya har ta bar mu muka shiga.

Kika ɓare ta da yatsunki da suka rame, sai ga wata tana a ciki, tana motsi. Kika yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba, kika ce, "Kun ga baƙuwata? Ba ta zama inda babu abinci."

Manaja ya share ido ya ce, "Malama, gonar nan ba ta sayarwa ba ce."

Kika ce, "To kada ka yi saurin sa mata garma, na san ka."

Ina kewarki matuƙa, amma raina a kwance yake, don kin ga abin da kika jira da idonki. Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya yalwata makwancinki, ya sa duk inuwar da za a sha a gonar nan ta zame miki sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki da ɗalibanki, da Yaya Manaja, wanda tun bayan jana'iza kullum yana can yana gyara shinge, kada awaki su shiga.