Waƙoƙi Goma na Garzali

Garzali direban tasi ne a Doha, ni kuma mai gadi a wani dogon bene a West Bay. Ɗaki ɗaya muke kwana a Mu'aither, gadonsa a sama, nawa a ƙasa. Na girme shi da shekara tara, shi ya sa yake kirana Yaya Dogara, shi ya sa kuma aka ɗora mini abin da zan faɗa.

Mutumin Malumfashi ne. Kafin ya zo nan, rumfa gare shi a bakin tasha inda yake tura wa mutane waƙoƙi a waya. A nan ya gamu da Rahmatu, wadda ta zo tura karatu ta tafi da waƙa bakwai, daga baya kuma ta tafi da mai rumfar gaba ɗaya. Da ya sami aikin tuƙi a Katar sai ya ɗauko wata al'ada. Duk fasinjan da ya haɗa wayarsa da rediyon mota, in waƙar sabuwa ce ta kuma yi masa, sai ya tambayi sunanta. Ba ruwansa da yaren da ake yi. Akwai na 'yan matan Turawa masu jita ɗaya da murya kamar za su yi kuka, akwai na kwamfuta masu dukan ƙirji. In Disamba ta zo sai ya tace goma, ya tura wa Rahmatu, kowace da saƙon murya a gabanta: inda ya ji ta, wanda ya ɗauko, abin da ta tuna masa. Rubutu bai dame shi ba. Abin da yake jin kunyar faɗa mata ido da ido, a nan yake faɗa. Ni dai nakan ce masa hayaniya yake tarawa, ya ce tsufa ne ya toshe mini kunne.

Da korona ta zo, hanya ta yi fayau, ranar da ya ɗauki mutum uku ya gode Allah. Waƙa huɗu kacal ya samu a shekarar, ya tura su haka yana ba ta haƙuri.

A watan Maris na 2021 yayan Rahmatu, Mijinyawa, ya kira ni, ba Garzali ba. Haka muke yi, mummunan labari ba a jefa wa mai shi a waya, sai a nemi babba a kusa da shi. Ya ce sanƙarau ya kama ta, ta tashi, amma kunnuwanta sun tafi. Ya ce, "Don Allah Malam Dogara ka riƙe. In ya ji zai taho, in ya taho ba zai samu komawa ba. In hutunsa ya zo sai ka faɗa masa."

Na ce to. Wallahi na ɗauka wata biyu ne.

Aka ɗage hutu saboda annoba, aka sake ɗagewa saboda gasar cin kofin duniya, don kamfaninsu ya ce ba direban da zai motsa. A gida suka tsara abinsu. Kiran bidiyo dai kullum "ba netwok". Saƙonsa na murya ƙanwarta Alimatu ke saurara ta rubuta mata a takarda, Rahmatu ta mayar da amsa da bakinta. Ya taɓa ce mini, "Yaya, matar nan ta koyi ɗaga murya." Na ce halin mata ne in miji ya yi nisa. Na ji kunyar kaina ranar, har yau ina ji.

Lokacin gasar bai taɓa jin daɗin aiki haka ba. Mutanen duniya suka cika masa mota tun daga Al-Sadd har filayen wasa, kowa da waƙarsa. Ya tara fiye da sittin. Ya fi son wata da wata mata 'yar Ajantina ta saka masa, murya ce siririya da jita a hankali, ya ce ita ce ta ɗaya, Rahmatu za ta yi kuka in ta ji.

Washegarin wasan ƙarshe, da hantsi, muna shan shayi a ɗaki, ya gyara murya ya danna waya zai fara yi mata saƙon farko. Hutunsa saura mako uku. Na kasa jira. Na riƙe hannunsa na faɗa masa duka.

Bai yi ihu ba. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na faɗa.

"Duk maganganun da na yi mata, Alimatu ce ta ji?"

Na ce e.

"Kai kuma kana kwance a ƙarƙashina kana jina ina yi."

Na ce Mijinyawa ya ce takan ɗora wayar a ƙirjinta, in kiɗan mai nauyi ne tana jin motsinsa. Ban san me ya sa na faɗi wannan ba, wataƙila don in sami abin cewa ne.

Ya ture shayinsa gefe. Sannan ya yagi tishu ya cusa a kunnuwansa biyu, ya ɗaura rawani a kai, ya kwanta rigingine ya ɗora wayar a ƙirji. Ya riƙa bin waƙoƙin nan sittin da wani abu ɗaya bayan ɗaya, idonsa a rufe, hawaye na gangarawa cikin rawanin. Wadda ta motsa ƙirjinsa ya ajiye, wadda ba ta motsa ba ya goge.

Da ya iso kan ta 'yar Ajantina, ya bar ta ta yi har ƙarshe. Ni ina jin ta sarai, kuma duk tsufana na san tana da daɗi. Ya buɗe ido ya dube ni, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Yaya, ta fara?"